Fankar Sama Ta Tsaya? Shawarwari Kafin A Ce Koyil Ya Ƙone

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a Sakkwato, Maiduguri, Yamai da Damagaram ke haura digiri 40, babu na'urar da ke shan wahala a gida irin fankar sama. Muddin akwai wuta tana juyi, dare da rana, kuma a tsakiyar bazarar nan ne ta fi tsayawa. Abin da aka saba shi ne a tura yaro ya kira mai gyaran wuta, shi kuma ya zo ya ɗaga kai daga inda yake tsaye ya ce, "Alhaji, ai koyil ne ya ƙone." A sauke fanka, a tafi da ita shago, iyali su kwana a tsakar gida suna fama da sauro, daga baya a biya kuɗin da ya kusa rabin na sabuwa.

Koyil yana ƙonewa, ba a musu. Amma shi ne na ƙarshe a jerin abubuwan da ya kamata a zarga. Kafin a kai gare shi akwai wutar da ke shigowa ɗakin, da makunni, da regileta, da kafasita, da haɗin waya, da boris, kuma kowannensu ya fi shi arahar gyara nesa ba kusa ba. Don haka binciken daga bango ake fara shi a hau sama, daga mai sauƙi zuwa mai tsada. Ko mutum ba zai taɓa waya da hannunsa ba, sanin wannan jerin zai sa ya iya yi wa mai gyara tambayar da ta dace.

1. A kashe wuta daga tushe, ba daga makunnin ɗaki ba

Kashe makunnin fanka bai isa ba. A ƙa'ida, makunni kan wayar da ke ɗauke da wuta ake sa shi, wato ja a tsohon wayarin, ruwan ƙasa a sabo. To amma gidaje nawa ne aka yi musu wayarin bisa ƙa'ida? A wurare da yawa an ɗaura makunnin ne a kan ɗaya wayar, baƙa ko shuɗiya. Idan haka ne, fanka za ta tsaya in an kashe, amma wuta na nan zaune a jikin wayoyinta tana jiran hannu. Saboda haka a je akwatin fis a sauke babban makunnin gida, ko a zare fis ɗin baki ɗaya a sa shi a aljihu.

Babban kuskuren da ake yi a ƙasar nan shi ne a ce, "Ai an ɗauke wuta, bari in yi sauri in duba kafin a kawo." Wutar Nepa ba ta sallama. Sunan ma ya canza tun 2005, an kuma miƙa rabon wuta ga kamfanoni irin su KEDCO a 2013, amma har yau babu wanda ke buga maka waya kafin a dawo da ita. Ɗaukewar wuta ba kariya ba ce. Haka nan in gidan yana da janareta ko inbata, a kashe su, a kuma faɗa wa mutanen gida da babbar murya cewa ana aiki a sama, kada wani ya shigo daga waje ya ji zafi ya je ya tayar da inji.

Bayan an kashe, a taɓa kowace waya da testa kafin a sa hannu. Testar ma a fara gwada ta a soket mai wuta kafin a sauke makunnin, don a tabbatar ba matacciya ba ce. A hau tsani mai kyau, wani ya riƙe shi, ƙafa da takalmin roba, hannu a bushe. Ɗora kujera kan tebur ya karya mutane da yawa.

2. A tabbatar wutar tana isowa ɗakin

Ƙwan ɗakin yana kamawa? Fankar falo tana juyawa? A gidan da ke da layi uku, layi ɗaya kan tafi ya bar biyu, sai ka ga ɗaki ɗaya duhu, na kusa da shi haske. A duba ko wani fis ya tsinke, ko ƙaramin makunnin da ke cikin akwati ya faɗi da kansa, ko kuɗin mita ya ƙare, ko kuma an bar makunnin sauya layi a ɓangaren janareta.

Akwai kuma wutar da ba ta da ƙarfi. Fankokinmu an ƙera su ne don volt 220 zuwa 240. Da daddare, lokacin da unguwa duka ta kunna kaya kan taransifoma guda, wutar kan faɗi ƙasa da haka sosai. Ƙwan zamani zai ci gaba da haske ya yaudare ka, amma fanka sai ta riƙa jan ƙafa. Idan duk fankokin gidan ne suka yi sanyi a lokaci guda, kuma da safe suka warware, babu abin da ya same su.

3. Gwajin sanda

Wannan gwajin ba ya cin ko sisi, kuma shi ke raba gardama. A samu sandar mofa ko wata busasshiyar sanda mai tsawo, a tsaya a ƙasa.

Da farko, fanka a kashe, a tura fiffike ɗaya da sandar. Lafiyayyar fanka za ta yi zagaye da yawa a hankali, ba ƙara, kafin ta tsaya. Idan ta yi tauri, ko ta tsaya nan take, ko ana jin ƙarar gurzar ƙarfe, matsalar ba ta wuta ba ce, ta boris ce ko wani abu ya maƙale a ciki. A tsallaka zuwa shawara ta 7.

Idan tana juyawa sumul, a kunna ta, a kai regileta lamba mafi ƙarfi, a kasa kunne. Abu uku ne zai faru. Ko dai a ji shiru kamar ba a kunna ba, wanda ke nuna wuta ba ta isa injin, sai a nemi laifin a makunni, regileta ko haɗin waya. Ko a ji tana gurnani ƙasa-ƙasa ba ta motsi, amma da an tura ta da sanda sai ta kama gudu: wannan kusan kullum kafasita ce. Ko kuma ta yi gurnani, a tura ta, ta ƙi kamawa ta sake tsayawa: nan ma a fara da kafasita, sai in sabuwa ba ta yi magani ba a fara tunanin koyil.

Abu guda da za a kiyaye: kada a bar fanka a kunne tana gurnani ba ta juyawa. Wuta na shiga koyil, babu iskar da ke sanyaya shi, zafi na taruwa. Da yawa daga koyil ɗin da suka ƙone da gaske, ta nan suka ƙone. An ɗauke wuta, mutanen gida suka fita biki suka bar fanka a kunne, aka dawo da wuta mara ƙarfi, fanka mai gajiyayyar kafasita ta kasa tashi, ta wuni tana dahuwa. Uwargida, idan za a fita, a bi ɗakuna a kashe fankoki ko da babu wuta.

4. Makunni da regileta

Regileta iri uku ce a kasuwa. Akwai tsohuwar, babban akwatin nan mai tsaga-tsaga da ke ɗumi in an rage gudu, domin wutar da ta hana fanka, zafi take mayar da ita. Akwai mai lamba 1 zuwa 5 da ke ƙas-ƙas in ana murɗawa, wadda ke aiki da ƙananan kafasita a cikinta. Sai kuma ƙarama mai santsi da ake murzawa ba lamba, wadda takan sa fanka ta riƙa ƙugi in an rage ta.

Alamun lalacewarta a bayyane suke: fanka na aiki a lamba ɗaya ta ƙi sauran, ko kowace lamba gudu ɗaya ne, ko sai an jijjiga maɓallin kafin ta kama, ko ana jin ƙaurin roba da baƙin tabo a murfin. Hanyar tabbatarwa ita ce, bayan an kashe wuta daga tushe, a buɗe murfin, a cire wayoyi biyun da ke shiga regileta a haɗa su da juna, a naɗe da baƙin salatif, sannan a mayar da wuta. Idan fanka ta tashi da cikakken gudu, an kama ɓarawo. A sayo sabuwar regileta a sa. Kada a bar haɗin nan ya zama na dindindin kamar yadda ake gani a ɗakunan haya, wayoyi biyu sun leƙo daga bango, a haɗa in ana so, a raba in an gaji. Gidan da ke da yara bai kamata ya kwana da wannan ba.

Sau da yawa ma regiletar lafiyarta lau, sukurun da ya danne waya ne ya saki. A ɗaure shi, magana ta ƙare.

5. Kafasita

Nan ne ya kamata a zauna, domin mafi yawan fankokin da aka yanke wa hukuncin mutuwa, wannan ɗan abin ne kawai ya gaji. Wasu masu shago kondansa suke ce mata. Ƴar ƙaramar gwangwani ce fara ko ta alminiyam, ko ɗan baƙin akwati da bai kai na ashana biyu ba, da wayoyi biyu a kanta. Tana zaune a saman injin, ƙarƙashin ƙoƙon da ya rufe gindin sandar fanka.

Ga aikinta. A cikin injin fanka naɗin waya biyu ne, wato koyil biyu. Wutar da ke shiga fanka layi ɗaya ce, kuma in ta shiga koyil ɗin biyu a lokaci guda, ƙarfin maganaɗisun da suke haifarwa kai-komo kawai zai riƙa yi, ba zai zagaya ba. Kafasita ita ke sa wutar ɗaya koyil ɗin ta riga ta ɗayan da ɗan ƙanƙanin lokaci, wannan saɓanin shi ke sa maganaɗisun ya zagaya ya ja injin. In ta mutu, fanka ta zama kamar motar da batirinta ya yi sanyi: inji lafiya, amma sai an tura. Kuma a fankar sama kafasita ba ta tayarwa kaɗai ba ce, tana cikin aikin muddin fanka na juyi. Shi ya sa tun kafin ta mutu gaba ɗaya ake ganin alama: fankar da bara take ɗaga labule, bana a lamba 5 tana tafiya kamar a lamba 2. Zafi ne ke cinye ta a hankali, kuma ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu ba abin da ya fi zafi yawa.

Wani lokaci ido ma ya isa: ta kumbura, ko ta tsage, ko wani abu mai kama da kakin zuma ya tsatso daga jikinta. Amma tana iya mutuwa jikinta garau, don haka kyan gani ba shaida ba ne.

A jikinta akwai lambobi biyu da za a kula da su. Na farko ƙarfinta, wanda ake rubutawa da alamar µF. Yawancin fankoki masu faɗin inci 48 da inci 56 suna amfani da 2.5µF ko abin da ya yi kusa da haka, kamar 2.25µF. Na biyu yawan wutar da za ta iya jurewa, galibi 400V ko 450V. A ciro tsohuwar a tafi da ita shagon kayan wuta, ko a Sabon Gari ta Kano ne ko a bakin titin unguwa, a ce a ba da irinta. Lambar µF ta zama daidai. Ta V in ta fi ta tsohuwar babu laifi, amma kada ta gaza.

Yadda ake canzawa: a kashe wuta daga tushe. A sassauta sukurun ƙoƙon a ɗaga shi sama. Kafin a kwance komai, a ɗauki hoton haɗin da waya, hoto biyu ko uku ta ɓangarori daban-daban. Kafasita kan riƙe ɗan caji bayan an kashe wuta, don haka a haɗa bakunanta biyu da ƙarfen sukudireba mai mariƙin roba kafin a taɓa. A cire wayoyinta biyu, a sa na sabuwar a daidai inda suka fito. Wannan irin kafasitar ba ta da dama da hagu, kowace waya ta shiga kowane gurbi daga cikin biyun. A ɗaure tamau, a kwantar da ita inda ba za ta goga da abin da ke juyawa ba, a sauke ƙoƙo.

In bayan gyara fanka tana gudu amma babu iska a ƙasa, a ɗaga kai a duba. Yawancin fankoki, in ana kallonsu daga ƙasa, suna juyawa ne saɓanin hannun agogo. Idan ta koma bin hannun agogo, an ɗaura wayar wuta a ɗaya gefen kafasitar ne, iskar kuma silin take hurawa. A kashe wuta a mayar da wayar ɗaya gefen. Amfanin hoton da aka ɗauka ke nan.

Akwai wata dabara da wasu masu gyara ke yi don su burge mai gida: su cire 2.5 su sa 3.5 ko 4, fanka ta tashi da gudu kamar za ta tsinke, a yi ta sa musu albarka. Ni ban yarda da wannan ba. Ƙarin gudun nan daga ƙarin wutar da ake tura wa siririn koyil yake fitowa, koyil ɗin kuma ba a naɗa shi don ya ɗauki wannan nauyin ba. Garin neman gira ake rasa ido. Haka kuma in mai shago ya ajiye maka iri biyu, ɗauki mai ɗan tsadar. Bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba, hawa tsani sau biyu a bazara ɗaya kuwa aiki ne.

6. Haɗin waya a sama

Idan gwajin sanda ya ba da shiru, kuma an wanke makunni da regileta daga zargi, a duba ƙoƙon sama, wanda ke manne da silin. A nan wayar gida ke haɗuwa da ta fanka, kuma sau tari murɗe su kawai aka yi aka naɗe da salatif. Shekara da shekaru fanka na girgiza, zafi na narkar da gam ɗin salatif, haɗin ya saki ko ya yi baƙi. A yanke wurin da ya ƙone, a feƙe sabon baki, a haɗa da ƴar mahaɗar nan mai sukuru maimakon murɗawa. A ja kowace waya a hankali: wadda ta karye a cikin sandar fanka za ta biyo hannu. In kuma ana jin ɓeraye na tsere a cikin silin da dare, su ma suna cikin waɗanda ake tuhuma; wannan aikin mai wayarin ne, domin sai an shiga rufi.

7. Boris, ƙura da zanzaro

Fanka tana juyawa ne a kan boris biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, galibi masu lamba 6201 ko 6202, kuma lambar na rubuce a gefensu. Ƙurar hunturu, wadda ke shiga ko'ina daga Nuwamba zuwa Fabrairu, takan haɗu da giris ɗin ciki ta zama laka, daga baya ta bushe. Fanka ta yi wata uku ba a kunna ta ba saboda sanyi, ranar da zafi ya fara aka danna makunni sai gurnani ko ƙiiii mai hana barci. Kafin a zargi komai, a leƙa ta saman injin da tocila. Zanzaro na son wannan wurin ƙwarai, kuma gidan laka guda a tsakanin abin da ke juyawa da wanda ke tsaye ya isa ya riƙe fanka.

Ɗigon man keken ɗinki a boris na sama kan kashe ƙara na ɗan lokaci. Man gyaɗa ko manja kuwa kada a kusanto da su, daskarewa suke yi su kama ƙura, gobe abin ya fi na yau. Gyaran gaske shi ne a sauke fanka a buɗe, a wanke boris da kananzir a cika sabon giris in bai ci ba, in ya ci a canza biyun tare. Fitar da boris da mayar da shi yana son kayan aiki da hannu mai sanyi, domin bugun guduma ɗaya a karkace zai iya taɓa koyil. Wannan a kai wa mai gyara, amma a kai masa da sanin abin da ake so: "Boris za ka canza mini."

Fuka-fukan kuma a riƙa goge su da ɗanyen tsumma ko sau ɗaya a wata, fanka a kashe, ana tallafe kowanne da hannu ɗaya don kada ya lanƙwashe. Ƙurar da ke taruwa a bakinsu tana rage iska fiye da yadda ake zato.

8. Fankar da ke rawa

Rawa ba ta hana fanka juyi, shi ya sa ake raina ta, alhali ita ce matsalar da ke iya sauko da ƙarfe mai kilo 5 ko fiye kan mai barci. A fara da sukurun da suka riƙe fuka-fukai, a ɗaure duka. Sannan a auna: a kafa sanda ko ma'auni daga silin zuwa bakin fiffike ɗaya, a juyo na biyu da na uku zuwa wuri guda. Wanda ya fi sauran sauka ko hawa shi ne ya lanƙwashe. Fuka-fukan fanka ɗaya nauyinsu ɗaya ne daga kamfani, saboda haka in an sauke fankoki biyu don fenti kada a cakuɗa su. Masu lanƙwasa fiffike da hannu wai don ya ƙara iska, nauyi suke ƙara wa injin, rawa kuma su jawo.

Daga nan a hau can sama a duba abin da ya rataye fankar. Akwai ƙugiya a jikin kankare ko katakon rufi, da zoben roba, da ƙusa mai noti da ta ratsa sandar, da ɗan siririn fil da ake tankwarawa a bakin ƙusar don kada notin ya kwance. Wannan fil ɗin shi ne masu ɗaura fanka suka fi yarwa. In babu shi, a nemo a sa. Irin wannan ƙusa da fil suna nan a ƙasan sandar ma, inda ta haɗu da injin. In robar ta tsage a canza ta. In katakon da aka ɗaura ƙugiyar gara ta ci shi, a sauke fankar a ranar. Silin na POP ko na kwali ba ya ɗaukar fanka. Dole ƙugiyar ta kama ƙarfe, kankare ko katako mai ƙwari. Takardun kamfanoni da yawa suna cewa fuka-fukai su kasance aƙalla mita 2.3 daga ƙasa, abin da masu gado mai hawa biyu a ɗakin yara ya kamata su auna.

9. Janareta da inbata

Fanka ta gari tana cin wat 60 zuwa 80. Mai wat 75 in ta yi awa 10 ta sha kashi uku cikin huɗu na yunit ɗaya. Ba wani abu ba ne a wurin ƙaramin janareta, amma in an ɗora masa firji da dutsen guga, wutarsa za ta faɗi, fanka ta yi sanyi. Inbata mai araha kuma, wadda wutarta ba ta fita sumul irin ta layi, takan sa fanka ƙugi da ɗaukar zafi. Gwajin mai sauƙi ne: in fanka na ƙara a kan inbata amma ta yi shiru a wutar Nepa, a bar fanka ta huta, ba ita ce mai laifi ba.

10. Yaushe ne koyil ya ƙone da gaske?

Hanci ne ke fara sani. Ƙonannen koyil yana da ƙauri mai kaifi na narkakken fenti, wanda kan daɗe a jikin injin ko bayan kwanaki. Sauran alamun: an ga hayaƙi, ko fis na tsinkewa da zarar an kunna, ko an sa sabuwar kafasita kuma boris na juyawa sumul amma fanka ta ƙi tashi, ko tana tafiya a hankali tana zafin da ba a saba ba cikin ƴan mintoci. Ɗumi kawai ba alama ba ce, kowace fanka tana ɗumi in ta daɗe tana aiki.

Mai gyaran da ya san aikinsa zai sa mitar gwaji a wayoyin injin a gabanka. Kowane koyil mai lafiya zai nuna ɗaruruwan ohm. Wanda ya tsinke ba zai nuna komai ba. Zai kuma gwada tsakanin waya da ƙarfen jikin fanka, inda bai kamata a samu haɗi ba ko kaɗan. In ya buɗe, wayar da ta ƙone baƙa ce, ba ja mai sheƙi ba. Ka ce, "Malam, buɗe mu gani tare." Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

In ta tabbata, sai lissafi. Tsofaffin fankoki masu nauyi, irin Usha ta Indiya da ake gada daga iyaye, sun cancanci a sake musu naɗi, domin ƙarfensu da fuka-fukansu sun fi na yawancin sababbi. A tambayi mai naɗin da wace waya zai yi, a nace kan jan ƙarfe zalla, a tabbatar zai shafa wa naɗin maganin da ke riƙe shi ya bar shi ya bushe, a kuma sa sabuwar kafasita da boris a lokaci guda. Fanka mara nauyi da aka saya da araha kuwa, in kuɗin naɗi ya haura rabin na sabuwa, a ajiye fuka-fukan da sandar, a sayi wata.

11. Sababbin fankoki masu rimot

Fankokin da ke shigowa yanzu masu cin wat 30 ko kusa da haka, waɗanda masu sola suka fi so, injinsu daban ne. Ba su da irin kafasitar da aka yi bayani, allon lantarki ne a cikinsu ke sarrafa gudu. In irin wannan ta tsaya, a fara da batirin rimot. A tabbatar kuma ba a bi da ita ta tsohuwar regileta ba, domin wuta kai tsaye take so daga makunni. In waɗannan lafiya, allon ne, kuma canza shi ake yi. A nemo takardar garanti kafin a bar kowa ya buɗe ta.

12. Inda hannun mai gida ya kamata ya tsaya

Gwajin sanda, goge ƙura, duba fis da lura da ƙara, kowa a gida zai iya, har uwargida da manyan yara. Canza regileta da kafasita, wanda ya saba riƙe sukudireba kuma ya bi shawara ta 1 zai iya. Amma idan jikin fanka ko sandarta na jan mutum, ko ana ganin tartsatsi, ko waya ta yi zafi a cikin bango, ko testa na kamawa bayan an sauke babban makunni, ko fankar na saman bene inda tsani ba ya zama daidai, a bar wutar a kashe a kira ƙwararren mai wayarin. Idan ya zo, a faɗa masa abin da aka gani dalla-dalla: tana gurnani ko shiru take, tana tashi in an tura ko ba ta tashi, akwai ƙauri ko babu. Duk abin da ya canza, a ce ya bar tsohon a gida.

Wanda fankarsa ke juyawa yau amma ta rage gudu, ya sayo kafasita ya canza tun cikin Fabrairu, kafin zafi ya kankama layi ya yi tsawo a shagon masu gyara.